Yadda Ake Haɗa Akwatin Wufa na Motar A-Kori-Kura: Ka Fara da Awo Kafin Ka Shiga Bata

Darasinmu na yau ya ɗan fita daga waya da manhajoji, amma za ka ga wayarka ce za ta yi maka rabin aikin.

Duk wanda ya taɓa ratsa Bata da rana, tun daga ƙarƙashin gadar sama ta titin Murtala Mohammed har ya kutsa France Road ko ya shiga Kasuwar Sabon Gari, ya san yadda kunne ke cika. Wannan shago ya kunna wufa, na kusa da shi ya ƙure tasa, kowa na son ya nuna maka tasa ta fi girgiza ƙirji. Wajen ya samo sunansa ne daga kantin takalma na kamfanin Bata, amma yau matasa da yawa kayan lantarki da kayan sauti ke kai su can. Sai mutum ya ji bes ya ratsa shi, ya zaro kuɗi ya sayi lasifika mai inci 12 da aka rubuta wa wat 3000 a jikin kwali, ya kai wa kafinta ya ce "a yi mata akwati". Kafinta ya duba ragowar katakon da ke gabansa ya buga. A saka a mota, sai ka ji sauti kamar ana dukan bokitin roba. Daga nan sai zargi: an sayar min da jabu.

Sau da yawa lasifikar ba ta da laifi. Akwatin ne bai dace da ita ba. Kuma a motar a-kori-kura, ko Hilux ce ko tsohuwar Peugeot 504 irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, matsalar ta fi tsanani, domin babu but. Ɗan wurin da ke bayan kujera shi ne duk abin da kake da shi.

Me akwatin yake yi?

Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga kusan 20 Hz zuwa 20,000 Hz. Hz na nufin sau nawa iska ta kaɗa a cikin daƙiƙa ɗaya. Aikin wufa shi ne can ƙasa, daga 20 zuwa wajen 80, wato sautin da ƙaramar lasifikar wayarka ba ta iya fitarwa ko kaɗan.

Idan fatar lasifika ta turo gaba, tana matsa iskar da ke gabanta, a lokaci guda tana barin gurbi a bayanta. In babu abin da ya raba gaba da baya, iskar gaba sai ta zagaya ta cike gurbin baya, su kashe juna. Sautin 40 Hz tsawon zangonsa ya haura mita takwas da rabi, don haka zagaya lasifika mai faɗin inci 10 ba komai ba ne a wurinsa. Shi ya sa in ka riƙe wufa tsirara a hannu ka kunna, za ka ga tana rawa sosai amma ba ka jin bes. Aikin akwati na farko ke nan: raba gaba da baya.

Aiki na biyu shi ne wanda ake yawan mantawa. Iskar da aka kulle a cikin akwati tana zama kamar sifirin a bayan fatar lasifika. Ƙaramin akwati, sifirin mai tauri. Babban akwati, sifirin mai laushi. Wani Ba'amurke mai suna Edgar Villchur ne ya fito da wannan dabara kasuwa a 1954, ya nuna cewa ƙaramin akwati rufaffe zai iya ba da bes mai zurfi in an ƙera lasifikar don ta dogara da iskar ciki. A 1961 wani injiniya ɗan Ostareliya, Neville Thiele, ya wallafa lissafin da ke haɗa lasifika da akwatinta, sannan Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970. Har yau duk kamfanin kirki yana buga waɗannan lambobi a takardar da ke cikin kwali. Uku daga ciki su ne namu: Fs, wato sautin da lasifikar ke kaɗawa da kanta ba tare da akwati ba, Vas, wato yawan litar iskar da taurinta ya yi daidai da taurin lasifikar, sai Qts, wanda ke nuna yadda take iya tsayar da kanta bayan ta kaɗa.

Ga misali da lambobi masu sauƙi. A ce lasifika tana da Fs 32, Qts 0.5, Vas lita 25. Ka raba Vas da girman akwatinka, ka ƙara 1, ka danna alamar √ a kalkuletar wayarka. In akwatin lita 25 ne: 25 ÷ 25 = 1, a ƙara 1 ya zama 2, tushensa 1.41. Yanzu ka ninka Qts da wannan lamba, ka samu 0.71. Ka ninka Fs da ita, ka samu 45 Hz. Wannan 0.71 shi ne abin da masu ƙera lasifika ke nema, bes mai santsi wanda bai yi ƙugi ba. To ka ɗauki lasifikar nan ka cusa ta a akwatin lita 8, irin wanda ake bugawa da ragowar katako. Lissafin zai ba ka 1.02 da 65 Hz. Ma'ana zurfin ya tafi, abin da ya rage shi ne "bum-bum" guda ɗaya da kowace waƙa za ta riƙa bugawa iri ɗaya. Lasifika ɗaya, amfilifaya ɗaya, amma sauti biyu mabambanta.

Don haka in kana shago, ka roƙi mai kaya ya buɗe kwali ka ga takardar, ko ka rubuta lambar samfurin a Google tun kana tsaye. Kamfanoni irin su Pioneer, JBL, Kenwood da Rockford Fosgate suna faɗin girman akwatin da suke ba da shawara. Sau da yawa da ƙafa suke rubutawa. Ƙafa ɗaya ta cikin akwati daidai take da lita 28.3. In ka nemi lambar samfurin a intanet ka rasa, kuma babu takarda a kwali, ni dai shawarata ka ajiye ta.

Rufaffe ko mai bututu?

Akwati iri biyu aka fi yi. Rufaffe, wanda iska ba ta fita ko ta ina, da mai bututu, wanda aka bar masa hanya da gangan. Mai bututu yana aiki ne kamar yadda kake hura bakin kwalba ta yi kuka, ko kamar shantu da mata ke kaɗawa: tsawon bututu da faɗinsa da girman cikin su ke yanke irin sautin da zai fito. Ya fi ƙara, wannan gaskiya ne, shi ya sa aka fi kunna shi a bakin shago. Amma yana son wuri. A ce akwatin lita 50 ne, kana so ya tsaya a 35 Hz da bututun roba mai faɗin santimita 10. Bututun zai kai kusan santimita 31, kuma wurin da ya cinye ba ya cikin lita 50 ɗin. Ina za ka kai wannan a bayan kujerar a-kori-kura? Sannan duk sautin da ya sauka ƙasa da inda aka tsayar da bututun, lasifikar ba ta da iskar da za ta tare ta, sai ta yi ta fizga har ta yage. Huda rami kawai a jikin akwati "don ya sha iska", kamar yadda wasu ke yi, ba bututu ba ne, ɓarna ce.

A ƙaramin gidan direba rufaffe ya fi, kuma akwai dalili mai daɗi. Ƙaramin ɗaki da aka rufe yana ƙara wa sautin ƙasa ƙarfi da kansa, kusan desibel 12 duk lokacin da sautin ya sauka da rabi. Shi kuma rufaffen akwati yana rage ƙarfi da kusan wannan adadin a can ƙasa. Sai abin da akwati ya rage, mota ta mayar. Wato ƙanƙantar gaban motarka, wadda kake ganin cikas ce, ita ce ke ba ka bes kyauta.

Wani zai ce me zai hana a ɗora babban akwati a buɗaɗɗen baya? Mutanen titi za su ji, kai da ke ciki kaɗan za ka samu, ga rana ga ruwan damina ga ƙurar hunturu. Masu tallan magani da ke ɗaura lasifika a saman mota wani aiki suke yi daban, murya suke son ta yi nisa. Su kuma masu 'yar kurkura, wadda kujerarta ke manne da bango kuma inji na ƙarƙashi, gara su nemi siririyar wufa mai inci 8 wadda ta zo da amfilifaya a jikinta, su huta da kafinta.

Awo

Kafin ka kashe ko kwabo, ka zauna a kujera ka daidaita ta yadda kake tuƙi. Kada ka auna da kujera a matse gaba, in ba haka ba za ka ƙare da tuƙi gwiwa na dukan sitiyari. Ka kifar da majinginar ka auna abu huɗu: faɗi daga hagu zuwa dama, tsayi, zurfi a ƙasa, zurfi a sama. Ka lura da inda jak yake da inda bel ke ɗaure, ka bar musu wurinsu. Saboda kujera a kishingiɗe take, ƙasa zai fi sama zurfi, akwatin zai fito da fuska a karkace.

A ce ka samu faɗi santimita 70, tsayi 38, zurfin ƙasa 20, zurfin sama 12. Wannan awon waje ne, mu kuwa iskar ciki muke nema. Da katako mai kaurin milimita 18, kowane awo zai rasa santimita 3.6, bango biyu ke nan. Faɗi ya koma 66.4, tsayi 34.4, zurfin ƙasa 16.4, na sama 8.4. Ka haɗa zurfin biyu ka raba biyu, ka samu 12.4. Sai ka ninka: 66.4 × 34.4 × 12.4, ka raba da 1000. Amsa lita 28.3. Cire wajen lita biyu da maganaɗisun lasifika zai cinye, da lita ɗaya ta katakon tokari, ka tsaya a kusan lita 25. Yanzu ka san abin da za ka nema a kasuwa: lasifikar da ke son lita 25 a rufaffen akwati, galibi mai inci 10 ke nan.

Akwai lamba ɗaya da ke kayar da mutane, wato zurfin lasifikar kanta daga baki zuwa ƙarshen maganaɗisu. A misalinmu tsakiyar akwatin santimita 12 ne da ɗoriya. Wufa ta yau da kullum tana iya kai wannan ko ta wuce, kuma da yawansu suna da rami a bayan maganaɗisu da ke fitar da zafi, wanda ke son a bar masa kamar santimita biyu. Don haka siririya za ka nema, irin wadda aka ƙera musamman don bayan kujera. Ka tafi da tef ɗin awo a aljihu, ka auna da hannunka. A gaba ma a bar tazara, kada fatar ta riƙa dukan bayan kujera.

Abin da na koya da tsada shi ne a fara yin akwatin da kwali. Na taɓa ba wani kafinta awo a takarda, ya buga akwati mai kyau, muka zo sakawa sai ga wani tudun ƙarfe a ƙasan bangon motar da ban lura da shi ba, kujera ta ƙi komawa. Da na yanka kwalin taliya na liƙe da salatif na gwada, da minti goma ya ishe ni ganewa.

Katako da haɗawa

MDF mai milimita 18 aka fi amfani da shi, domin yana da nauyi, ba shi da jijiya, ba ya amsa kuwwa. Ana sayar da shi falle-falle, ƙafa huɗu da ƙafa takwas, kuma akwatinmu ko rabin falle ba zai ci ba. Za ka same shi wajen masu kayan kafinta, ko a kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa. Aibinsa ɗaya: ruwa. In ya jiƙe sai ya kumbura kamar burodi. In motarka na yoyo ta gilashin baya, ko kana yawan kai ta wanki su watsa ruwa har ciki, ka nemi filawud mai kyau mai kauri ɗaya, wanda in ka duba gefensa ba ka ganin ramuka. Katakon silin da allon da aka yi da ɓarɓashin katako kuwa, kada ma a fara.

Ka gaya wa kafinta cewa fuskar da ke karkace ta fi bayan tsawo. A misalinmu baya 38 ne, fuska kuwa kusan 38.8, kuma bakinta na sama da na ƙasa sai an goge su a karkace kamar digiri 12 kafin su zauna daram. Mai yanka ya sa takunkumi, ƙurar MDF ba ta da kyau ga huhu.

Gam ne ke riƙe akwati, sukuru yana matse shi ne kawai kafin ya bushe. A shafa farin gam na katako irin Top Bond a kowace mahaɗa, a fara huda ƙaramin rami kafin a ɗaura sukuru don kada MDF ya tsage, a jera su duk bayan santimita 10 zuwa 15. Ƙusa ba ta da wuri a nan, girgiza za ta zare ta a hankali. Tunda akwatin dogo ne, a sa tokari ɗaya a ciki ya haɗa gaba da baya kusa da ramin lasifika. Bangon da ke rawa yana cinye ƙarfin da ya kamata ya zama sauti.

Bayan nan a bi duk kusurwoyin ciki da silikon, har da inda waya ta fito. A bar shi ya kwana ya wuni kafin a ɗaura lasifika, domin tururinsa mai warin tsami ba ya yi wa gam da robar lasifika kyau. In lissafi ya nuna akwatin ya ɗan gaza, a zuba audugar roba irin ta cikin filo sako-sako, tana sa lasifika ta ji kamar wurin ya ɗan ƙaru. Kafet na waje ado ne, a yi shi a ƙarshe. Gwajin yoyo kuwa mai sauƙi ne: ka tura fatar a hankali da yatsu a buɗe ka saki. In ta dawo sannu-sannu, akwati ya rufu. In kana jin "fuu" a wani gefe, nan ne ramin.

Kuma a ɗaure akwatin da ƙarfe da noti a jikin mota. Abu mai nauyin kilo goma ko fiye a bayan kujerarka, in aka taka birki na gaggawa ko aka yi karo, makami ne. Kafin a huda ƙasa ko bango a leƙa ta ɗaya gefen, kada a samu tanki ko bututun birki ko wayoyi.

Wuta

Nan ne ake ƙona mota. Ka manta da lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe, ko PMPO ko "max". RMS kaɗai ke faɗin abin da kaya zai iya ɗauka a kai a kai. Lasifika mai RMS 300 tana son amfilifaya mai ba da kusan 300 a irin om ɗinta. In lasifikar mai kwayil biyu ce, kowanne om 4, haɗa su gefe da gefe yana ba da om 2, haɗa su a jere yana ba da om 8. Ka tabbata amfilifayar ta yarda da om 2 kafin ka haɗa haka.

Amfilifaya ajin D mai wat 300 tana jan kusan amfiya 27 in an ƙure ta. Waya mai lamba 8 ta jan ƙarfe zalla ta isa, da fis na amfiya 40. Amma kasuwa cike take da wayar alminiyam da aka yi wa fentin jan ƙarfe, ko mai roba kauri da 'yan silalla a ciki. Ka sa a yanka bakin ka kankare: in ciki fari ne, alminiyam ce, sai ka ƙara kauri ko ka canza. Fis ɗin kuma kusa da batir ake sa shi, kada ya wuce santimita 45. Ba amfilifaya yake karewa ba, wayar yake karewa. In robar ta goge ta taɓa bodi alhali fis na can nesa, wayar za ta yi ja ta kama kafet. Inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. Wayar ƙasa ta zama gajera, a kankare fenti a ɗaure ta a kan ƙarfe tsirara. Ka tsaya a kan mai wayarin ka ga ya yi haka, kuma ya cire kan batir kafin ya fara. In motar mai batir biyu ce mai bolt 24, kamar yawancin Canter, amfilifayar bolt 12 ba za ta shiga kai tsaye ba.

Maɓallin da aka rubuta wa "gain" ba na ƙara murya ba ne, na daidaita amfilifaya da rediyo ne, kuma murɗe shi har ƙarshe shi ya fi kashe wufa. Ga yadda wayarka za ta taimaka. Ka sauke manhajar da ke fitar da sautin gwaji daga Play Store. Ka cire wayoyin lasifika daga amfilifaya, ka kashe duk wani ƙarin bes a waya da rediyo da amfilifaya, ka kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu, ka kunna 50 Hz. Ninka wat da om ka ɗauki tushe: 300 × 2 = 600, tushensa 24.5. Ka sa mita a kan AC a bakin fitar amfilifaya, ka murɗa a hankali har ta nuna bolt 24.5, ka tsaya. Sai ka sa matatar da ke tare sautin sama a wajen 80 Hz, don kada muryar mawaƙi ta riƙa fitowa daga bayan kujera. In ka mayar da lasifika ka ji bes ya yi rauni a mazaunin direba, ka juya wayoyinta biyu ka sake saurare. Wani lokaci wufa da lasifikun ƙofa ne ke kashe juna.

Da manhaja irin Spectroid za ka iya ganin sautin a allo yayin da kake sauke shi daga 80 zuwa 30, kana bin inda faranti ko murfin jak ke kakkarwa kana cusa soso. Makirfon waya ba ma'auni ne na ƙwararru ba, musamman a sautin ƙasa, amma ya isa ya nuna maka inda abu ya yi tsalle. Mai kwamfuta kuma ya nemi WinISD, kyauta ce, za ta zana maka yadda lasifikarka za ta yi a kowane girman akwati tun kafin a taɓa zarto.

Saura kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata ke bi ita ce desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu; a desibel 100 minti 15 ne kacal. Wufa mai wat 300 a gaban a-kori-kura da gilashi a rufe tana wuce 100 ba tare da wahala ba, kuma kanka bai fi taku ɗaya daga gare ta ba. In ka sauka daga mota kunnenka na ƙara "ziii", ya riga ya sha wuya, kuma ƙwayoyin ji da suka mutu ba sa dawowa. A cunkoson Bata, inda ɗan sahu ke fitowa ta hagu mai kura ta dama, kana buƙatar jin hon ɗin na bayanka. Ka sa ɗan maɓallin rage bes kusa da sitiyari. Yawancin amfilifayoyin wufa suna zuwa da shi a kwali, wayarsa kawai za a ja zuwa gaba.